Shekarar da Na Zaɓi Atinga Na Bar Ƙanina

'Ya'yana, da ku 'ya'yan Awudu da ke Takoradi, na san abin da ake gaya muku a kaina. In an taru wajen suna ko ɗaurin aure, aka ci aka ƙoshi, ba a rasa wata tsohuwa da za ta nuno ni da baki ta ce ga wanda ya sayar da ƙaninsa saboda wasan sanda. Wasu har sun ƙara wa miyar gishiri, wai rago aka ba ni. Ban ga rago ba, ko ƙafar kaza ban gani ba. Tunda yanzu idona ya daina ganin kafar allura, na bar wa yara keken ɗinki, bari in faɗa a rubuta a littafin nan yadda abin ya faru, da inda na yi daidai da inda na tafka wauta, domin duka biyun akwai su a ciki.

Wasan hoki a cikin akwatin Baba Saje ya shigo Nima, unguwarmu a Akra. Tsohon soja ne, mutumin Yendi, ya yi yaƙin Bama, kuma kafin a kai su daji an ajiye su wata da watanni a ƙasar Indiya. A can ya ga ana buga wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse da sanda mai lanƙwasa a baki. Abokansa suka dawo gida da agogo da bargo, shi kuwa ya dawo da sanduna shida da usur. Da farko dariya aka yi ta yi masa, ana cewa yaƙi ya taɓa shi, ga dattijo da gemu yana korar ƙwai da sandar makiyayi. Amma duk wanda ya riƙe sandar nan sau ɗaya, ya ji ƙarar da take yi in ta sami ƙwallo daidai, to ya kamu. Wani kafinta a Sabon Zongo ya koyi sassaƙa irinta. Kafin a sami 'yancin kai mun kai mu talatin da wani abu a filin Kawukudi duk Asabar bayan la'asar: Hausawa, Dagombawa, Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, har da wasu 'yan ƙabilar Gā biyu da suka fi mu iya zagi da Hausa. Ni a tsakiya nake buga wasa, har ranar da gwiwata ta hagu ta ce ta gaji. Daga nan na koma mai rubuta sunaye da ɗinka riguna da raba faɗa, aikin da daga baya aka ba shi suna manaja don ya ji daɗin faɗi.

Ƙanina Awudu, uban wasunku, shekara shida na ba shi. Gyaran keke yake yi a wata 'yar rumfa bakin hanya. Tun da mahaifinmu ya rasu mu biyu muka rage wa Mma Hawa, wadda ke sayar da waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, kusa da rafin da ya raba Nima da Mamobi, wanda yanzu ya zama babbar kwata. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da shi, kwano ɗaya muke ci. A fili kuwa ba a taɓa ganin mai gudunsa ba. In ya ɗauki ƙwallo a bakin sanda sai ka rantse da ƙaro ya manna ta, ya bi ta tsakanin mutum uku kamar ɓera a kasuwar masara. Ni na koya masa riƙon sanda, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba, har shi kansa.

Atinga kuwa ni na tsinto shi. Bafrafre ne daga wajen Bolga, ɗan dako a kasuwar Makola, dogo, mai ƙafafu kamar turmi. Wata rana na je sayen yadi sai wata gangar manja ta kuɓuce daga bayan mota, ta gangaro gadan-gadan ta nufi wata mata mai sayar da ƙwai. Kowa ya watse, har da ni. Mutumin nan da buhu a kansa, bai ko sauke shi ba, ya miƙa ƙafa ya tare gangar da ƙwaurinsa, ta tsaya cak. Ya dube ta, ya dubi matar, ya ci gaba da tafiyarsa. Na bi shi har inda ya sauke buhun na ce masa ko yana son wasa. Ya tambaye ni wane iri. Na ce irin wanda ake jifan mutum da dutse shi kuma ya tsaya. Ya yi tunani kaɗan ya ce, da irin Hausarsa ta kasuwa, yana kirana Masa, wato maigida:

"Masa, in ba ya fi ganga nauyi, ni ya zo."

Ku da ba ku yi wasan nan ba, ku sani tsaron gida a hoki ba aikin mai son kansa ba ne. Ƙwallon tana zuwa kamar harsashi, kuma a lokacinmu ba abin rufe fuska, sai wasu matasan ƙafa da na ɗinka masa da buhu da auduga da tsagin gora. Kowane gola da muka gwada kafin shi, in ya ga an ɗaga sanda sai ya rufe ido ya kama salati. Atinga ido buɗe yake tarar ta, har da murmushi.

To, shekara biyu bayan 'yancin kai sai masu kula da wasan a Akra suka buɗe gasa ta unguwanni. Sai rigima ta tashi a tsakaninmu, domin mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, mu kuwa mun ninka haka har sau uku. Kowace Asabar sai an yi fushi, wani ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Baba Saje ya tara mu ya ce za a raba ƙungiyar biyu, ɗaya ta ɗauki sunan Nima, ɗaya Mamobi. Amma ya ce ba za a raba da inda mutum yake kwana ba, domin gwanayen duk a Nima suke zaune, in aka yi haka Mamobi sai dai ta shiga fili da tsofaffi da masu tari. Manaja biyu za su tsaya, su riƙa zaɓar mutum ɗaya-ɗaya bi da bi har a ƙare. Nima ni, Mamobi kuma Buraima makaniki, wani ƙaton mutum mai haƙorin zinariya da dariyar da ake ji tun daga mararraba.

Mako guda aka ba mu. Na yi ta lissafi a bayan takardar awo, ina rubutawa ina sokewa, har na yanka wa wani malami wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Abin da na gano shi ne masu cin gida muna da su biyar, ko da yake ba wanda ya kamo Awudu, amma gola ɗaya ne tak a duk Zongo. Wanda ya sami Atinga ya sami rabin gasa. Har nan hankalina daidai yake, kuma har gobe ina kan wannan magana. Inda wauta ta shigo shi ne da na ce zan haɗa duka biyun. Buraima da Awudu sun shekara ba sa gaisawa, tun ranar da Awudu ya maka masa sanda a ƙwauri, maimakon ya ba shi haƙuri sai ya fashe da dariya. Na ce a raina Buraima ko da wuƙa a wuya ba zai kira sunan Awudu ba. Kuma ko ba haka ba, wa zai ɗauke ƙanin mutum a gaban idonsa? Sai in fara da Atinga, Buraima ya ɗauki surukinsa mai tsaron baya, ni kuma in dawo in ɗauki ƙanina a zagaye na biyu, in tashi da kaza da ƙwanta. Ban gaya wa kowa ba. Ban gaya wa Awudu ba, mutumin da numfashinsa nake ji kullum a gefena. Na ɗauka wayo in an faɗe shi ya lalace.

Ranar ta zo. Kowa ya zauna a ciyawa ƙarƙashin darbejiya, sanda a kan cinya, 'yan kallo sun kewaye mu har da masu tallan rake. Baba Saje ya fito da tsinken tsintsiya biyu a dunƙule a hannunsa, wanda ya ja dogo shi zai fara. Na ja dogo. Aka yi tafi, wani ya daki bayan Awudu, shi kuma ya fara miƙewa yana kakkaɓe wandonsa tun kafin in buɗe baki. Har yau in na rufe ido ina ganinsa a haka, rabi a tsaye rabi a zaune, yana murmushi.

Na ce, "Atinga."

Atinga ya waiga bayansa ko akwai wani mai sunan. Awudu ya tsaya yadda yake na ɗan lokaci, sannan ya koma ya zauna a hankali, ya kama gyara igiyar takalminsa wadda ba abin da ya same ta. Na kalli Buraima ina jiran ya kira surukinsa. Sai na ga haƙorin zinariyar nan ya fito gaba ɗaya.

"Awudu mai keke," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni ya ɗaga hannu biyu sama. "Yakubu, Allah ya saka maka da alheri. Ko ranar aurena ba a yi mini kyauta irin wannan ba."

Fili ya ɗauki ihu. Awudu ya tashi ya ratsa ta gabana bai dube ni ba, ya je ya miƙa wa Buraima hannu, gabar shekara guda ta mutu nan take a kan idona. Sauran zaɓen ban san yadda na yi shi ba. An ce na ɗauki masu tsaron baya har huɗu a jere, kamar mai shirin gina katanga.

Labari a Nima ya fi keke sauri. Kafin in iso gida Mma ta ji komai, har da wanda ba a yi ba. Na yi sallama ta amsa, domin sallama ta Allah ce, amma daga nan ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba har kusan wata guda. Muna da wata kyanwa mai ido ɗaya, ita ta zama tafinta. Mma ta raba mana kwano, ta ajiye nawa ta dubi kyanwar ta ce:

"Ki gaya wa manaja ga tuwonsa nan. Nama kuwa babu, an zaɓi wani da shi."

Na leƙa kwanon Awudu, tsoka uku. Na ce, "Mma, ki bari in yi miki bayani, lissafi ne na wasa."

"Ki gaya masa," in ji ta, har yanzu da kyanwar take, "ni ban yi makaranta ba, amma na san nono ɗaya suka sha. Ranar da kyanda ta kama shi yana ɗan shekara tara, wannan da ya bari a ciyawa shi ya ƙi cin abinci kwana biyu yana kuka a kansa. Ki tambaye shi a wane layi ya rubuta wannan a lissafin nasa."

Awudu bai yi faɗa da ni ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da safe ya gaishe ni yadda ƙani ke gaida wa, ya tafi rumfarsa. Da yamma ya saɓa sanda ya tsallaka rafi zuwa Mamobi. Abin dariyar shi ne duk Zongo ba telan da ya san ɗinkin rigar wasa sai ni, saboda haka Buraima ya turo mini yadi kore da mutanensa ɗaya bayan ɗaya in auna su. Ranar da Awudu ya zo, na zagaya shi da tef, da na zo kafaɗa sai ya ce:

"Yaya, ka sake ta nan sosai. Bana zan yi ta ɗaga hannu."

Na sake masa ita. Rigar nan ta fi duk wadda na taɓa ɗinkawa kyau, har ninki biyu na yi wa ɗinkin hammata.

Wanda ya fara kwance ƙullin gidanmu Atinga ne, ba kuma wanda ya aike shi. Ya ji a bakin mutane cewa saboda shi tsohuwa ta daina yi wa ɗanta magana. Wata safiya Mma ta fito da babbar tukunyar waakye, wadda kullum sai mu biyu muke kama mata zuwa bakin hanya, sai ta tarar da dogon mutum tsaye a ƙofa ya cire hula.

"Mma, ina kwana. Ni ne Atinga ɗin. Kawo tukunya, ni ya ɗauka."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ba ta so. Bai yi musu ba, ya sunkuya ya ɗora tukunyar a kai da zafinta ya kama hanya, dole ta bi shi tana faɗa. Kashegari ya dawo. Jibi ya dawo. A rana ta huɗu na ga ta zuba masa waakye ta ɗora masa ƙwai da taliya da wele, wato ganda, ta zauna tana kallon yadda yake ci tana tambayarsa ko uwarsa na da rai. Kafin mako biyu ta fara ce masa ɗana. Ni dai har lokacin ta bakin kyanwa ake kira na, amma nama ya dawo kwanona, tsoka ɗaya.

Gasa ta kankama, kuma kowa ya girbi abin da ya zaɓa. Mu Nima ba a cin mu, amma mu ma da ƙyar muke ci. Mu jefa ɗaya mu koma mu tsare gida, Atinga ya yi ta tare ƙwallo da ƙafa da ƙirji, wata rana ma da goshi. 'Yan kallo suka ce kallon wasanmu kamar kallon mai gadi ne yana aiki. Mamobi kuwa biki ne duk Asabar. Awudu ya jefa uku, a jefa musu huɗu, domin golansu wani mai wanki ne da ke tsalle gefe in ƙwallo ta taso. Da aka zo rabin gasa, lokacin da ake ba kowace ƙungiya dama ta gyara sunayen da ta miƙa, sai ga Buraima a shagona, ya cika ƙofa har haske ya ragu. Ya zauna a kan bencin masu jira ya ce:

"Yakubu, mu daina wahalar da kanmu. Kai kana da ƙofa ba ka da wuƙa, ni ina da wuƙa ba ni da ƙofa. Ka ba ni Atinga in mayar maka da ƙaninka, tsohuwa ta huta, kai ma ka ci nama."

Na ce ya ba ni kwana biyu, amma tun kafin ya fita zuciyata ta riga ta karɓa. Na gaji da shirun ɗakinmu. Na sami Atinga a kasuwa yana hutawa a kan kwandonsa na gaya masa yadda ake ciki, ina ta kewaye-kewaye, wai Mamobi ma gida ne, wai rigarsu ta fi kyau. Ya saurare ni har na gama. Bai ɓata rai ba, sai ya ce:

"Ba komai, Masa. Ni ɗan kaya ne. Inda an ce ajiye, nan ana ajiye."

Maganar nan ta bi ni har rumfar Awudu. Na same shi ya kifa wani keke yana ɗaure sarƙa. Na tsuguna kusa da shi na ba shi haƙuri, karo na farko, na gaya masa duk lissafin da na yi da yadda ya watse, na ce yanzu ga hanya ta samu, zai dawo gida. Na zaci zai yi murna. Ya juya feda yana kallon tayar tana wulwulawa, sannan ya ce:

"Yaya, da ka gaya mini tun farko, da ni zan ce maka ka ɗauki Atinga. Ni ma na san gola ɗaya ne. Abin da ya yi mini zafi, ka bar ni na miƙe a gaban mutane. Amma dawowa kam ba zan dawo ba. A can ni ne kyaftin. In na ce a yi hagu, hagu ake yi. A wurinka kuwa ko na ci goma, cewa za a yi Yakubu ya iya koyarwa." Ya tsayar da tayar da tafin hannu. "Kuma in ka ba da mutumin nan ka yi wauta sau biyu. Ka bar mini shi a inda yake. So nake in ci shi."

Da na koma gida na tarar Atinga bai ɓoye wa Mma komai ba. A ranar ta sallami kyanwa daga aiki, ta dube ni ido cikin ido ta ce:

"Kai wane irin mutum ne? Ka zubar da ɗaya, yanzu kuma za ka zubar da na biyun? Mutane ne ko gyaɗa?"

Na koma kasuwa da ƙafata na ba Atinga haƙuri, na aika wa Buraima cewa babu ciniki. A mako ɗaya na ba mutum biyu haƙuri, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, kuma ban mutu ba.

Wasan ƙarshe na gasar ya faɗo tsakaninmu da Mamobi. Mu ko kunnen doki muka yi mun zama na ɗaya a unguwanni, su kuwa ba abin da za su samu sai daɗin kayar da mu, wanda a wurinsu ya fi kofi. Ban taɓa ganin Kawukudi ya cika haka ba, har kan bishiya mutane. Mma, wadda ba ta taɓa taka filin ba, ta sa aka kawo mata tukunyarta ta kafa daidai layin tsakiya, ta ce ita ba ta kowa ba ce, ciniki ya kawo ta. Baba Saje ya busa usur. Abin da ya biyo baya ba wasan mutum ashirin da biyu ba ne, na mutum biyu ne. Awudu ya shigo ta dama ya buga, Atinga ya tare da ƙafa. Ya shigo ta hagu ya ɗaga ta sama, Atinga ya kaɗe ta da hannu. Ya buga wata da na ji ƙararta a haƙorina, ta sami Atinga a leɓe, ya tofar da jini ya yi masa alama da hannu wai ya sake kawowa. Duk sanda Awudu ya ɗauki ƙwallo sai in ji muryar Mma ta fi ta kowa, duk sanda Atinga ya tare sai in sake jin ta. Wani ya ce mata ta tsaya gefe ɗaya mana, ta ce ya biya kuɗin waakyensa ya rufe mata baki.

Saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci, mutanen Nima sun fara waƙa. Sai Awudu ya karɓi ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Ya wuce na farko. Ya wuce na biyu har sandar mutumin ta faɗi. Ya shiga da'irar da ake bugu, ya ɗaga sanda kamar zai fasa duniya, Atinga ya baje ƙafafu ya tare dama. Sai yaron nan ya sauke sandar a hankali, ya juya bakinta, ya tura ƙwallon ta hagu sannu kamar mai miƙa wa jariri abinci. Ta gangara ta daki katakon raga, ƙwas.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a cikin fili, hulata ta yi sama, ina tsalle a kan gwiwar da likita ya ce kada in hau matakala da ita, ina ihu iyakar ƙarfina:

"Ƙanina ne! Wallahi ƙanina ne!"

Sai da na juyo na ga mutanen Nima, ɗaruruwa, suna kallona, ni manajansu, da rigar Nima a jikina. Buraima ya faɗi ƙasa don dariya har sai da aka yi masa fifita. Muka rasa wasan, muka rasa zama na ɗaya. Baba Saje ya yanke mini hukuncin ɗaukar bokitin ruwan 'yan wasa na Asabar huɗu, kuma na ɗauka. Yara suka yi wata guda suna wucewa ta gaban shagona suna tsalle da ƙafa ɗaya suna cewa ƙanina ne. Na je ba Atinga haƙuri karo na biyu, ya taɓa leɓensa da ya kumbura kamar ƙosai ya ce:

"Masa, bari. Ni ma ya so yi tafi, hannu ne yana ciwo."

Amma a cikin taron nan akwai wani mutum da farar riga da ba mu san shi ba. Daga Takoradi ya zo, wani kamfani na bakin tashar jirgin ruwa ne ya aiko shi neman 'yan wasa. A lokacin haka ake yi, a ba ka aiki da ɗaki, kai kuma ka buga musu wasa. Kyaftin yake nema, mai iya jan mutane, ya kuma ga abin da ya zo nema. Ga kuɗin wayona nan, 'ya'yana. Da Awudu na gefena yana cin gida a ƙarƙashin inuwata, wataƙila da mutumin ya wuce shi, da mun tsufa a unguwa ɗaya. Sai ga shi ya tafi ya zauna can, ya yi aure can, ya haifi 'ya'yan da Fante ta fi Hausa zama a bakinsu. Mma ta yi sauran shekarunta tana ganin autanta daga Sallah sai Sallah, kuma ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ni ma ban taɓa cewa ba laifina ba ne. Ban sake tsayawa gefe ɗaya da shi a fili ba.

Da hantsi muka raka shi tashar mota, ni da Mma da Atinga ɗauke da akwatinsa. Mma ta yi ta cusa masa ƙunshin abinci ta taga tana share ido da bakin mayafi, tana ce masa ya kula da salla, kada ya shiga teku. Ni na tanadi maganganu masu nauyi tun kwana uku, irin waɗanda wa ke gaya wa ƙani, amma da na buɗe baki sai na ji na ce ya riƙa shafa wa sandarsa mai saboda iskar teku. Ya gyaɗa kai. Direba ya ta da mota. Har ta fara tafiya sai ya leƙo da kansa ta taga ya ƙwala mini kira:

"Yaya! Fuseini ɗin nan da kake sa wa a gaba ta hagu, ka mayar da shi baya! Ba ya da gudu, amma ba a wuce shi!"

Na bi motar ina ɗingishi ina ce masa shekara nawa ya yi yana manaja da zai koya mini aikina, Fuseini ɗan gaba ne tun kafin ya iya ɗaura wando. Yana ba ni amsa ina ba shi, har motar ta sha kwana, Mma na bayana tana cewa wane irin 'ya'ya Allah ya ba ta, ko ban kwana ba su iya ba.

Da sabuwar gasa ta zo na mayar da Fuseini baya, ba tare da na gaya wa kowa daga inda shawarar ta fito ba. Shekara bakwai ya yi a wurin, ba a sami mai tsaron baya kamarsa a Zongo ba, kuma a shekarar farko muka ɗauki kofin da ya kuɓuce mana. Mutane suka yi ta yaba basirata, na karɓa hannu biyu. Awudu na nan da ransa a Takoradi, idonsa ya yi rauni kamar nawa, sai an karanta masa. Duk wanda ya kai masa littafin nan a cikinku, in ya zo wannan shafin, ya yi wa Allah ya tsallake.